Zuwa kallon hasken aurora a ƙuryar arewa: kwana uku sun isa?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Shawara nake nema wajen 'yan uwanmu da ke zaune can ƙuryar arewa, Norwe ko Siwidin ko Finlan. Mu muna Jamus, ni da maigida da yara biyu, kuma babbar ta hana mu sakat da maganar koren hasken nan da ke fitowa a sama lokacin sanyi, aurora, tun ranar da aka koya musu shi a makaranta. Mun ga wata talla: kwana uku a garin Rovaniemi na arewacin Finlan a ƙarshen Disamba, da kwana a ɗakin gilashi, da yawo a keken ƙanƙara da karnuka ke ja, da hawa babur ɗin ƙanƙara, sai ziyarar wani wuri da suka kira ƙauyen Sami inda za a sa maka kayan gargajiya a ɗauke ka hoto. Sun kuma rubuta wai tabbas za a ga hasken. Kuɗin ba na wasa ba ne, shi ya sa na ce bari in ji daga bakinku kafin in biya.

Injiniya Oulu:
Wa alaikumus salam Maman Hanifa. Wanda duk ya ce miki tabbas za ki gani cikin kwana uku, aljihunki yake kallo ba sama ba. Bari in faɗa miki yadda abin yake. Rana kullum tana feso wasu ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki. Idan suka iso nan, maganaɗisun duniya sai ya karkatar da su wajen ƙuryar arewa da ƙuryar kudu, can su yi karo da iskar sama a nisan kilomita 100 zuwa 300. Karon ne ke ba da haske. Iskar oksijin ke ba da kore, in can sama sosai aka yi karon ta ba da ja, naitirojin kuma shuɗi da shunayya. To gajimare yana ƙasa da wannan nesa ba kusa ba. Ana iya kwana ana wasan wuta a samanki, ke kuma ba abin da kike gani sai hadari. Abu uku ne sai sun haɗu: duhu, sararin sama garau, da motsin rana. Mai talla ba ya da iko da ko ɗaya.

Sannan wurin ma da magana. Hukumar hasashen yanayi ta Finlan ta ce a Kilpisjarvi, can kan iyaka da Norwe da Siwidin, cikin darare huɗu masu duhu da babu gajimare ana ganinsa a uku. Nan Oulu kamar ɗaya cikin huɗu, Helsinki kuwa kamar sau ɗaya a wata. Rovaniemi tana tsakanin mu da su, kuma birni ne mai fitilu.

Baffa Mai Goro:
Ikon Allah. Mu nan Kano sanyin hunturu kaɗan ya sauko kowa ya nemi bargo, ku kuma kuɗi za ku biya a kai ku inda ruwa ke daskarewa a hanci, don ku ɗaga kai ku kalli sama. 'Yar nan, ki turo mini kuɗin in kunna miki koriyar fitila a soro.

Maman Hanifa:
Kai Baffa! Wallahi ka ba ni dariya. Jikarka ce ta nace.

Anti Nas Tromso:
Baffa ina gaisuwa. Maman Hanifa, ƙanwata, ni zan ce ki fara da sauya wata. Ƙarshen Disamba shi ne lokacin da komai ya fi tsada kuma aka fi cunkoso, musamman Rovaniemi, saboda ƙauyen Santa, dattijon nan na labarin Kirsimeti, da ake tururuwar kai yara. Garin mutanensa kamar dubu 65 ne, amma a wannan lokacin jirage sauka kawai suke yi. Har mazauna garin sun fito zanga-zanga a 2024 kan yadda gidajen haya suka koma masaukin baƙi na kwana biyu, ɗalibi da ma'aikaci su rasa wurin zama. Nan Tromso ta Norwe ma kukan ke nan.

Hasken yana nan tun daga Satumba har ƙarshen Maris. In dusar ƙanƙara kuke so yara su gani, ku zo a Fabrairu ko Maris. Lokacin rana ta dawo, kuna da wuni na yawo, dare kuma yana da isasshen duhu. Mu nan daga wajen 27 ga Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu rana ba ta leƙowa kwata-kwata, sai wani shuɗin haske na 'yan awoyi da tsakar rana. Yana da kyau a ido, amma ga baƙo mai ƙananan yara yana da nauyi. Kuma ki ƙara kwanaki. Gara dare biyar ko shida a wuri ɗaya, a ɗaki mai sauƙin kuɗi da madafa, da dare uku ana ta tsere da ku daga wannan mota zuwa waccan.

Ɗan Agadas a Kiruna:
Salamu alaikum. Duk abin da Injiniya da Anti suka faɗa haka ne, amma ni abin da ya tsaya mini shi ne ƙauyen Samin nan da babur. Hajiya, dajin da kike gani a hoto fari fat ba kowa, ba dajin banza ba ne. Makiyaya ce. Samawa, wato mutanen Sami, suna nan tun kafin a ja iyakokin Norwe da Siwidin da Finlan da Rasha, kuma har gobe wasunsu kiwon barewar nan ta arewa suke yi. Kowace dabba da kika gani a bakin hanya tana da mai ita, akwai tsagar gidansu a kunnenta.

Na taɓa tsayawa daga nesa ina kallon yadda take cin abinci a watan Fabrairu. Takan sa kofaton gaba ta yi ta tona dusar, ta tona, ta tona, har kanta da wuyanta su nutse cikin ramin, duk don ta kai ga wani farin gansakuka da ke manne da ƙasa. Shi ne abincinta na sanyi. Abin da take samu da kyar yake mayar mata da ƙarfin da ta kashe wajen tonon. Matan kuma yawancinsu suna da ciki a lokacin, sai Mayu suke haihuwa. Yanzu ki ƙaddara ayarin babura goma sun ratso, ko kare ya kufce, ko wani ya tashi ɗan jirgin ɗaukar hoto a kansu. Garken ya watse, su bar ramukan da suka sha wuya a kai, su yi gudu cikin dusa mai kai wa ciki. Wadda ta raunana sai ta yi ɓari ko ta mutu kafin bazara. Makiyayi kuma ya kwana biyu yana tattaro su. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da ake nufi da a ce wani ya kutsa da babur cikin garken Bafulatani a tsakiyar rani, lokacin da shanu ke tafiya da kyar, wai don ya ji daɗi. To shi ne wannan.

Ba cewa nake kar a hau babur ba. Akwai hanyoyin da aka ware masa, da alamar jan gicciye a kan sanduna. A tsaya a kansu, a bi ɗan jagora na gari wanda ya san inda garke yake a wannan makon. In an haɗu da dabbobin a rage gudu ko a tsaya su wuce, kar a bi su don hoto.

Ɗalibar Umeo:
Na gode Yaya da ka taɓo wannan. In ƙara a kan maganar kayan gargajiya. Rigar nan mai ja da shuɗi da rawaya, gakti, ba kayan ado ba ce kawai. Wanda ya sani yana duba ɗinkinta ya gane yankin da mutum ya fito, wani lokaci har danginsa. Shekara da shekaru masu harkar yawon buɗe ido a Finlan suna sa wa ma'aikatansu jabunta, waɗanda ba Samawa ba, suna shafa wa baƙi baƙin gawayi a goshi wai al'ada ce, alhali ƙirƙira ce. Wannan ya sa Majalisar Samawa ta Finlan, da ke zama a Inari, ta fitar da ƙa'idojin yawon buɗe ido a 2018. A ciki sun faɗa ƙarara cewa keken karnuka da ɗakin ƙanƙara ba al'adarsu ba ce, aro aka yi daga wasu wurare aka jingina musu.

Ki tuna mutane ne da aka daɗe ana danne wa harshe. An kwashi 'ya'yansu zuwa makarantun kwana inda ake hana su magana da shi. A Finlan kaɗai harsunan Sami uku ne, biyu daga ciki masu magana da su 'yan ɗaruruwa ne. Don haka in sun ce ba sa son a mayar da rigarsu kayan ɗaukar hoto, ba tsaurin ido ba ne.

Maman Hanifa, in kina son yara su san Samawa da gaske, akwai gidan tarihi na Siida a Inari, akwai Ajtte a Jokkmokk nan Siwidin. Akwai kuma iyalai makiyaya da ke karɓar baƙi da kansu, ki zauna a tantinsu, a ba ki shayi ko gahawa, ki tambayi abin da kike so. Kafin ki biya ki rubuta musu ki tambaya kai tsaye: wa ke da wurin, kuma na wa ne dabbobin? Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya. In za ki sayi tsaraba, wuƙa ko kofin icce ko abin hannu, ki duba tambarin Sami Duodji, shi ke nuna aikin hannun Basame ne ba na masana'anta ba.

Mai Ja-in-ja:
Ni fa ku yi haƙuri, wannan wa'azin ya fara yi mini yawa. Baiwar Allah ta tara kuɗinta za ta kai 'ya'yanta hutu sau ɗaya, kun ɗora mata alhakin barewa da harshe da gidan haya. Norwe da me ta yi arziki? Ba da man fetur da iskar gas ba? Kai Ɗan Agadas, garin da kake zaune, Kiruna ta Siwidin, ba ɗungurungum ake ɗauke shi ba saboda ramin haƙar ƙarfe yana cin ƙasa a ƙarƙashinsa? Har cocinsu suka ɗora a kan tayoyi suka ja a Agustan 2025, duniya na kallo. Kotun ƙolin Norwe da kanta ta yanke hukunci a 2021 cewa fankokin lantarkin da aka kafa a Fosen sun take haƙƙin makiyayan Sami, amma fankokin suna nan suna juyawa. Su suka cinye makiyayar da ma'adinai da titin jirgi da madatsun ruwa, sai Bahaushiya mai yara biyu ce za ta gyara da ƙin hawa babur? A bar mutane su sha iska.

Ɗan Agadas a Kiruna:
Yallaɓai, ba ka faɗi ƙarya ba ko ɗaya. Ina ganin ramin kullum, kuma makiyayan yankin nan sun fi kowa faɗin abin da ka faɗa. Amma ka duba lissafin da kyau. Da makiyayar tana da faɗi kamar da, babur ɗaya ba komai ba ne, garke ya matsa gaba. Yanzu da aka datse ta ta ko'ina, ɗan abin da ya rage shi ne wanda mu baƙi muke shiga. Ga kuma sauyin yanayi: yankin nan yana ɗumama kusan ninki huɗu fiye da sauran duniya, sai a yi ruwan sama a tsakiyar sanyi, ya daskare a kan gansakukan ya zama faranti, kofato ba ya fasa shi. Dole makiyayi ya sayi abinci ya kai musu daji. Don babba ya yi ɓarna ba shi ne lasisin ƙarami ya ƙarasa ba.

Mai Ja-in-ja:
To ai shi makiyayin ma da babur yake kiwo, har da jirgi mai saukar ungulu.

Ɗan Agadas a Kiruna:
Ƙwarai. Dabbobinsa ne, ya san lokacin da za su iya ɗauka. Ni da kai ba mu sani ba.

Mai Ja-in-ja:
Na ji wannan. Amma maganar a ji kunyar hawa jirgin sama ban karɓa ba, kuma kar wanda ya kawo mini ita.

Injiniya Oulu:
Ba wanda ya kawo ta, Malam, kai ka kawo abarka. Ni dai jirgin ƙasa nake ba da shawara don daɗinsa. Daga Helsinki akwai na dare zuwa Rovaniemi, kamar awa 12, da ɗakin kwana mai gado sama da ƙasa, yara suna son sa. Daga Stokholm kuma akwai wanda ke bi ta Kiruna ya sauke ka a Abisko, tafiyar sama da awa 16. In ya rage hayaƙi kuma, riba biyu.

Abisko ɗin nan ku riƙe sunansa. Ɗan ƙauye ne a bakin tafkin Tornetrask, da gandun daji na ƙasa tun 1909. Duwatsun da ke yamma da shi suna tare hadarin da ke tasowa daga tekun Norwe, sai ya zama yana cikin wuraren da suka fi ƙarancin ruwa a Siwidin, sama ta fi yawan buɗewa. Jirgin yana tsayawa dab da masaukin masu yawon daji. Ba kya buƙatar mota, ba kya buƙatar a yi ta yawo da ke kilomita ɗaruruwa cikin dare ana farautar sarari. Ki ci abincin dare, ki sa kaya, ki taka zuwa bakin tafki ki jira.

Malam Na Zariya:
Assalamu alaikum. Ina biye da ku tun ɗazu. Anti Nas ta ce kusan wata biyu babu rana. To sallah fa? Da me ake gane Azahar da La'asar?

Anti Nas Tromso:
Allah ya gafarta Malam, tambayar da kowa ke fara yi ke nan. Muna da masallaci a nan, Alnor, yana cikin waɗanda suka fi kusa da ƙuryar arewa a duniya. A lokacin da rana ba ta fitowa, da lokacin bazara da ba ta faɗuwa, jadawalin Makka ake bi. Wasu a wasu garuruwan suna bin gari mafi kusa da ke da dare da rana. Sauran watanni kuwa da ranar wurin ake aiki. Ga wanda ya zo a Maris babu wata matsala, dare da rana sun kusa daidaita.

Malam Na Zariya:
Madalla. Asalinsa hadisin Dujal ne da ke cikin Muslim, inda aka ce akwai yini kamar shekara, sahabbai suka tambaya ko sallar yini ɗaya ta isa, aka ce a'a, ku ƙaddara masa. Baƙo ya bi jadawalin masallacin garin da ya sauka, kar ya je ya buɗe sabuwar fatawa. Ku kuma lura shekarun nan azumi yana faɗowa a Fabrairu da Maris, sai a duba kalanda kafin a sayi tikiti. Baffa kuma, kallon halittar sama da niyyar tunani ba almubazzaranci ba ne, matuƙar ba bashi aka ci ba.

Baffa Mai Goro:
Malam ya kashe bakina. Amma karen fa? A ce Musulmi ya zauna kare na jan sa?

Malam Na Zariya:
Baffa, a mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne. Abin da zan fi tambaya shi ne yadda ake riƙon su.

Ɗalibar Umeo:
Nan ne gizo ke saƙa, Malam. Wasu gidajen karnukan suna kula da su sosai, wasu kuwa ɗaruruwa ne a ɗaure, a yi ta zagaye ɗaya da su daga safe zuwa dare a lokacin kasuwa. A tambaye su: sau nawa kare ke fita a rana, me suke yi da bazara, ina tsofaffin da suka daina ja suke? Kuma hanyarsu tana ratsa makiyaya ko an yi yarjejeniya da makiyayan? Ni a ra'ayina a yankin Inari da sauran ƙasar Samawa gara a haƙura da shi gaba ɗaya, tunda masu wurin sun nuna ba sa so.

Injiniya Oulu:
A nan kam ban bi ki duka ba, ƙanwata. Akwai masu karnukan da suka shekara talatin a wuri ɗaya suna zaman lafiya da makiyaya, kuma su ma 'yan ƙasa ne masu neman abinci. A tantance dai, kar a yi musu kuɗin goro.

Ɗalibar Umeo:
Yaya, baƙon da ya zo na kwana biyar da me zai tantance? Abin da aka rubuta a shafinsu kawai zai gani.

Anti Nas Tromso:
Ku bar wannan haka, ba za ku gama ba. Ni bari in yi maganar abin da nake gani a wurin aiki, don kowane sanyi sai an kawo mana su. Na farko karayar wuyan hannu. Nan bakin teku sanyinmu ba ya tsanani, ruwan ɗumi na teku yana rage shi, sau da yawa bai fi digiri 4 ko 5 ƙasa da sifili ba. Amma dusa takan narke ta sake daskarewa, titi ya zama gilashi. Akwai ƙusoshin roba da ake ɗaura wa takalmi, suna da arha, a saya ranar farko. Na biyu hatsarin mota. Mutum bai taɓa tuƙi a kan ƙanƙara ba, ya sauka daga jirgi ya karɓi motar haya, ya shiga hanyar dutse cikin duhu. Da ya hango kore a sama sai ya taka birki a tsakiyar titi, ya kashe fitila, ya fito da baƙar riga ya kafa ƙafar kyamara a kan kwalta. Babbar mota na tafe ba ta ganinsa. Wallahi mutanen gari sun gaji. Ga masu shiga farfajiyar gidan mutane, suna leƙa taga, wasu har su yi bayan gida a bayan ɗakin ajiya. A nemi wurin fakin na gaskiya, a sa abin nan mai ƙyalli a hannu ko a riga, kowa a nan yana sawa har yara. In za a bi masu kai mutane kallo, a tabbatar kamfani ne mai rajista da inshora, don akwai 'yan bayan fage da ke cika mota da mutane ba takarda.

Can cikin ƙasa kuwa, Abisko, Kiruna, Inari, wani sanyi ne daban. Digiri 25 ko 30 ƙasa da sifili ba labari ba ne, kuma a Janairun 1999 an auna 51.5 a Pokka ta Finlan. Kaya hawa uku: na jiki ulu, na tsakiya mai kauri, na waje mai tare iska. Auduga kar ta taɓa fata, tana riƙe gumi ta koma sanyi. Safar hannu mai haɗe yatsu ta fi mai rabawa. Ki riƙa duba kumatun yara da hancinsu da tocila. A fatarmu ba lallai ki ga fari ba, sai dai wurin ya yi toka-toka, ya yi tauri, yaro ya ce ba ya jin komai. In haka ta faru a shiga ɗaki, a ɗora tafin hannu mai ɗumi, kar a murza, kar a kai kusa da wuta. In kin yi alwala ki goge hannu da fuska su bushe sarai kafin ki fita, kar ki kama ƙarfen ƙofa da jiƙaƙƙen hannu. Waya a aljihun ciki, in ba haka ba batir ya mutu cikin mintoci. Lambar gaggawa 112.

Hajiya Abuja:
Mu da muke gida fa? Biza ɗaya ta isa ƙasashen uku?

Injiniya Oulu:
Ta isa Hajiya, duk suna cikin Shengen, wato ƙasashen Turai da biza ɗaya ke shiga. Ana nema a ofishin ƙasar da za ki fi daɗewa. Kuɗin babba yuro 90 ne tun tsakiyar 2024, ban da na ofishin karɓar takardu, kuma sai da inshorar lafiya ta akalla yuro 30,000. Ki karanta inshorar da kyau, da yawa ba su ɗaukar hatsarin babur ɗin ƙanƙara. Tuƙa shi ma sai da lasisin tuƙi. Svalbard, tsibiran Norwe da ke can arewa, ce kawai daban, ba ta cikin Shengen, sai da biza mai shiga biyu.

Hajiya Abuja:
Na gode. Na kuma ga ana cewa wai bana ce dama ta ƙarshe, in ba a je ba sai bayan shekara 11.

Injiniya Oulu:
Dabarar 'yan kasuwa ce. Gaskiya ne rana tana da zagaye na kusan shekara 11, kuma ta kai ƙololuwa a 2024, shi ya sa a Mayun shekarar aka ga hasken har Meziko. Amma wannan ya shafi na nesa ne. Wanda ke ƙarƙashin zoben hasken da ya kewaye ƙuryar arewa, irin su Tromso da Abisko da Kilpisjarvi, yana ganinsa ko a shekarun da rana ta lafa. Kar a sa ki ci bashi da gaggawa.

Wani abu kuma da ya kamata a gaya wa yara tun a gida: ido ba kyamara ba ne. Kyamara tana buɗe ido na daƙiƙoƙi tana tara haske. Sau da yawa abin da za ki fara gani wani baka ne fari-fari kamar siririn gajimare, sai kin ɗauka a waya ki ga kore. In ya yi ƙarfi kuwa ba sai an gaya miki ba, zai tsage ya yi labule, gefensa na ƙasa ya yi ruwan hoda, yana gudu daga wannan gefen sama zuwa wancan. Yana iya yin minti biyar ya ɓace, ya dawo bayan awa biyu. A kashe tocila, a ba ido kamar minti 20 ya saba da duhu, kar a haska fuskar na kusa.

Ɗan Agadas a Kiruna:
Tunda an ce daji, bari in faɗi dokarsa a taƙaice. Ƙasashen nan suna ba kowa, har baƙo, 'yancin ya bi daji da ƙafa ko ya kafa tanti ko da filin wani ne. A Norwe sai ka yi nisan mita 150 daga gida, kuma kar ka wuce kwana biyu a wuri ɗaya. A Finlan ba ka hura wuta ba izinin mai ƙasa sai a wuraren da aka tanada, ba ka sare icce, ba ka kwashe gansakuka. Wannan 'yanci bai haɗa da abin hawa mai inji ba.

Injiniya Oulu:
Akwai kuma ɗakunan katako a dajin Finlan da hukumar gandun daji ke kula da su, ƙofa a buɗe, ba ko sisi. Ka shiga ka tarar da murhun ƙarfe, dandamalin kwana, bokiti, gatari a rumfar icce, da littafin da kowa ke rubuta sunansa da inda ya nufa. Al'adar ita ce wanda ya iso a ƙarshe shi ke da haƙƙin wuri, wanda ya riga ya ji ɗumi shi zai matsa. Kafin ka tafi ka share, ka kwashe sharar ka, ka faskara ƙananan icce ka ajiye a gefen murhu, saboda na bayanka zai iya isowa da yatsun da ba sa iya riƙe gatari. Ba na masu kamfani ba ne su cika da kwastomomi. Amma Maman Hanifa, wannan ba naku ba ne a zuwan farko da yara. Ku tsaya hanyoyin kusa da masauki masu alama, kar ku hau kan tafki sai inda 'yan gari suka ce ya yi ƙwari, musamman kusa da bakin kogi.

Maman Hanifa:
Kai, Allah ya saka da alheri, na cika shafi biyu da rubutu. Mun yi magana da Baban Hanifa, mun ajiye waccan tallar. Muna duba Abisko a hutun makaranta na gaba da ya faɗo cikin lokacin, dare biyar, ta jirgin ƙasa. Maganar karnuka dai ba mu gama ba, shi yana so, ni ina tare da Ɗaliba. Anti, kayan sanyin nan saya za mu yi duka? Ƙaramin shekararsa 5, kafin baɗi ya fi ƙarfinsu.

Mai Ja-in-ja:
Ku bar maigida ya hau kekensa don Allah.

Anti Nas Tromso:
Kar ki saya duka. Na jiki na ulu da safa da hula ki saya a nan Jamus, za su yi muku amfani ko a gida. Babbar rigar waje mai haɗe da wando da takalmin sanyi ana bayar da haya a can, ki rubuta wa masaukin tun yanzu ki tambaya ko suna da na yara, don ƙananan lambobi suna saurin ƙarewa. Takalmin ya fi ƙafarsa da lamba ɗaya ko biyu, safa biyu su shiga kuma yatsu su iya motsi. In ya matse, jini ba ya gudu, sanyi ya fi kama shi. Ki tafi da filas, kuma ki kai shi bayan gida kafin ki sa masa kayan.